Wayar Lasifika A Bayan Risho

Kafin in fara, bari in tambaye ku abu ɗaya, 'yan uwa. Kun taɓa shiga ɗakin da ba a taɓa shiga da kifi ba, kuka ji ƙarnin kifi? In kun taɓa, kun riga kun san rabin labarina. In ba ku taɓa ba, Allah kada ya nuna muku.

Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa yake ce mini. Bayan rasuwar Abba muka gyara saman benenmu muka mai da shi masaukin masu zuwa hutu: ɗaki biyu, falo, banɗaki, da ɗan kicin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Gwiwoyin Umma ba sa shiri da matakala, Yaya kuma tana gidan mijinta da jaririnta, don haka saman nawa ne. Ni ke canza zanin gado, ni ke goge tagogi, ni ke tsince abin da baƙi suka manta. Na taɓa tsintar haƙorin roba a cikin kofi. Na taɓa tsintar takalmi ƙafa ɗaya a cikin firji, har yau kuma ina tunanin yadda mai shi ya isa gida.

Daga tukunyar gas abin ya samo asali. Wani baƙo ya bar ta a buɗe ya tafi yawonsa, Allah ya sa na hau da wuri. Ranar Umma ta rantse gas ba zai ƙara kwana a samanta ba. Muka sayo rishon lantarki, ɗan ƙarami mai kai biyu, na baƙin gilashi, in ya yi zafi kawunan su yi jajur kamar idon wanda aka tasa daga barci. Sai dai babu soket a gefen da zai zauna. Guda ɗaya ne a kicin ɗin, shi ma na firji. Dole sai an ja sabuwar waya tun daga akwatin wuta da ke bakin matakala.

A nan Alo ya shigo maganar.

Alo shi ne mai nemana. Sana'arsa haɗa lasifika a wuraren taro, Yaya ce ta laƙaba masa sunan saboda duk inda ka gan shi yana riƙe da makirufo yana “alo, alo, gwaji.” Dogo ne siriri, kunnuwansa sun ɗan buɗe kamar su ma suna sauraron wani abu daban. Ina son sa, kada wani ya yi mini wata fassara. Mutum ne da in na yi tari muna waya, kafin in gama ya iso da lemo. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa bai san “ban iya ba.”

Yana zaune a falon ƙasa ya ji Umma tana cewa in nemo mai wayarin. Ya ajiye kofin shayinsa.

“Haba Umma, ina raye a nemo wani? Ni da nake kwana cikin waya, in tashi cikin waya?”

“Ka iya na gida, ɗana?”

“Umma, wuta ai wuta ce.”

Umma ta washe baki. Tun da ya ce mahaifiyarsa za ta zo daga nesa ta gan ni, ta kuma ɗan huta a samanmu, komai ya faɗa daidai ne a wurinta.

Washegari ya zo da ƙullin waya a kafaɗa. 'Yan uwa, gaskiya wayar kyakkyawa ce. Robarta garau kamar ruwa, kana hango jan ƙarfen ciki yana sheƙi, biyu a manne kamar tagwaye. Na shafa ta, na ce, “Malam, wannan ba irin ta lasifikarka ba ce?”

“Ita ce, Gimbiya. Mafi tsadar da nake da ita. Wayar da take ɗaukar murya ta kai ƙarshen unguwa, har kurma ya leƙo, ita ce za ta kasa dafa ruwan shayi?”

Na yi dariya, don ni ma a lokacin maganar ta shige ni.

Ya yi aiki mai tsabta, wannan ba zan hana shi ba. Masu sana'arsu ba sa son a ga waya a fili, kada wani ya yi tuntuɓe a taro. Ya bi da ita gefen silin na falo, ya ratsa ta bayan kabad ɗin katako na kicin, ya rufe ta ruf da farar roba, ya bi da fenti. In ba an faɗa maka ba, ba za ka ce akwai komai a wurin ba. Da muka kunna kai ɗaya ya yi ja. Da muka ƙara na biyu sai muka ji ƙas daga bakin matakala, risho ya mutu.

“Me ya faru?”

“Ɗan birekan nan ne mai yanke wuta, rago ne.” Ya buɗe jakarsa ya ciro wani ƙato. “A wurinmu babu abin kunya kamar wuta ta yanke ana tsakiyar jawabi. Shi ya sa nake yawo da wannan. Ko aljanu suka hau layin, ba ya faɗuwa.”

Ya cire ƙaramin ya ɗaura ƙaton. Muka kunna kai biyu, shiru, babu ƙas. Ya ɗaga mini gira. Sannan ya ɗauki guntun wayar da ya rage a ƙasa, ya murɗa shi ya yi ɗan zobe, ya ajiye mini a tafin hannu.

“Riƙe wannan kafin na gaske ya zo.”

Ku faɗa mini, a irin wannan lokacin wace ce za ta tsaya tambayar kaurin waya? Ragowar ƙullin ya mayar kafaɗa, yana cewa ba za ta yi asara ba, ya san inda zai kai ta.

Kyanwar gidanmu ce ta fara sani. Wata farar tsohuwa ce mai ido ɗaya, ba ta hawa sama ko da nama ka kira ta. Ranar da na hau na dafa ruwan wanke labule, kai biyu a kunne, ina juyowa na gan ta kwance a saman kabad, ta manna cikinta da bango, ta lumshe idon nan nata. Na kore ta, ta dawo. Na ɗaga kai sosai, sai na ga tsaka. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sun jeru a kan farar robar nan tun daga kusurwar kicin har falo, kai da jela, kamar masu jiran a raba musu wani abu. Na tsaya ina kallon su, har abin ya so ya ba ni sha'awa.

Sai ƙarnin ya zo.

Kaɗan ne, kamar an wuce da kifi ta bayan taga. Na buɗe firji, babu komai sai ruwa. Na duba kwandon shara, na sunsuna magudanar wanke-wanke, na sunsuna har mayafina. Na hau kujera na kai hannu inda kyanwar take kwanciya. Bangon da ɗumi, irin ɗumin goshin yaro in zazzaɓi ya fara kama shi.

Na kashe risho na sauko da gudu.

“Umma, bangon kicin yana zafi.”

Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Kicin ne ai, Auta. Da sanyi kike so ya yi?”

“Ba wajen rishon ba, can sama, inda wayar ta bi. Kuma ina jin ƙarni.”

“Ke dai da hancinki. Tun kina goye kike jin warin abin da babu.” Ta ajiye tiren. “Zo nan ki zauna. Yaron nan ya bar aikinsa ya wuni a kan tsani saboda ke. Ya kira uwarsa a gabana yana gaya mata shi ya haɗa mata kicin da hannunsa. Yanzu so kike ki ɗauko wani ƙato ya zo ya ɓalle aikinsa? Da wane ido zai dube mu? Da wane ido uwarsa za ta dube ki? Tun ba a je ko'ina ba kin fara gyara masa aiki.”

“Umma, in gidan ya kama fa?”

“Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Tashi ki ba ni wuri.”

Na shiga ɗaki na jawo wayata na rubuta masa: “Malam, bangon da wayar ta bi yana ɗumi.”

Nan take ya amsa: “Sabuwa ce, tana sabawa da gidan. Ke ma ranar da na fara zuwa ai kin yi ɗumi.” Ya haɗa da fuskar dariya har uku.

Na rubuta wa Yaya. Ita kuma murya ta turo, jaririn yana kuka a bayanta: “Auta, don Allah ki bar bawan Allah ya sarara. Ni wallahi wayar ma burge ni ta yi da kika turo hotonta, kamar sarƙa. Ki samu mai yi miki aiki kyauta kina sunsune-sunsune. In ba kya so ki turo mini shi.”

Kowa ya mai da ni mahaukaciya. Ni kuwa ko ina na zauna, sai in ji kamar akwai wani abu mai rai a cikin bangon, siriri, dogo, yana kwance yana numfashi a saman kawunanmu. In na ɗaga kai na kalli silin ɗin ɗakina, sai in tuna gadon baƙi yana daidai bisa nawa.

Ana gobe mahaifiyarsa za ta iso na ce wa Umma zan je sayo sabulu. Na zura doguwar rigata ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na nufi layin masu kayan wuta. Can ƙarshe akwai shagon wata dattijuwa da ta gaji sana'ar daga mijinta, Gwaggo Mai Waya ake ce mata. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Abin da na fara gani ya sa na kusa komawa. Kanta guda ta ware, ba na sayarwa ba, ta jera ƙonannun abubuwa: soket da ya narke ya zama kamar fuskar tsoho yana kuka, filogi da ya manne da ɗan'uwansa, makunnin da ya koma gawayi.

“Kallo kike, 'yar nan? Duk wanda ya zo sayen sabo, sai na ce ya bar mini tsohon. Wancan na mai ɗinki ne. Wancan na wani ango. Wannan kuwa,” ta nuna wani baƙin dunƙule, “masu shi ba su zo da kansu ba, maƙwabta ne suka kawo.”

Na ba ta labari tun daga gas har tsaka. Da na zo kan ƙarnin kifi sai ta daina kaɗa ƙafa.

“Roba ce take dahuwa. Haka take wari kafin ta kama. Rishon, kin duba rubutun da ke ƙarƙashinsa?”

Na nuna mata hoton da na ɗauka. Ta nisanta wayar da idonta ta karanta.

“Wat dubu uku. Ƙaramin jiki, babban ciki. Wace waya aka ja masa?”

Na rasa yadda zan kwatanta. Sai na tuna, na kalli yatsana. Zoben yana nan, ban cire shi ba tun ranar. Na miƙa mata hannu.

Ta kalli zoben, ta kalle ni. “Shi ya ba ki?”

Na sunkuyar da kai.

“Sai na yanka fa.”

'Yan uwa, na ji kamar yatsan za ta yanka. Na zare na ba ta. Ta sa almakashin waya ta datse, ta feɗe robar. Abin da yake ta sheƙi kamar igiya, da aka tuɓe shi sai ga 'yan siraran gashi, ba su kai kaurin tsinken ashana ba.

“Robar ce take ƙara mata girma, kamar gilashin ido. Duba nan kuma.” Ta kankare da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito. “Ko jan ƙarfen ma shafe ne. Ba laifinta ba ne, don murya aka yi ta. Murya ba ta da nauyi, 'yar nan. Risho kuwa jan wuta yake kamar rakumi ya samu rijiya. In hanyar ta yi masa ƙanƙanta, hanyar ce take zafi.”

Ta jawo wata waya ruwan toka, mummuna, mai tauri, ta ɗora mini a hannu. Nauyinta ya ba ni mamaki.

“Daga akwatin wuta zuwa kicin da nisa?”

“Sai ta ratsa falo gaba ɗaya.”

“A rufe kuma, bayan katako. To mai kauri lamba huɗu za a ja. Biyu da rabi tana ɗauka in kusa ne, amma da nisan nan ni hankalina ya fi kwanciya da huɗu. Kin ga uku ne a cikinta? Mai kawowa, mai mayarwa, sai wannan mai kore da rawaya, ta ƙasa. Ita ce in wuta ta ɓalle ta hau jikin risho, za ta kwashe ta kafin ta bi ta hannun mai girki. Taku biyu ce, babu ta ukun. Layinsa daban, birekansa daban, mai lamba ashirin. Wanne ke kai yanzu?”

“Da ƙarami ne, yana faɗuwa, sai ya sa babba. Ya ce wannan ba ya faɗuwa ko aljanu sun hau.”

Gwaggo ta dafe ƙirji. “Innalillahi. Ƙaramin nan da yake faɗuwa, ihu yake yi muku. Bireka ai ba don risho aka sa shi ba, mai gadin waya ne. In ta fara wahala sai ya yanke. Yanzu an kori mai gadi an kawo kurma. Wayar za ta narke ƙurmus yana tsaye yana kallo.”

Na zauna a kan wani kwali ba tare da an ce in zauna ba.

Ta ce akwai mai wayarin da take turawa, mai takardar aiki, amma ya yi tafiya sai jibi. “Kafin nan kada a kunna. Ko kai ɗaya. Kin ji ni? Ba na son kantata ta ƙaru da naku.”

Na dawo gida da guntun wayar nan mai toka da yankakken zoben a jaka, babu sabulu, babu zobe a yatsa. Na yi niyyar kiran Alo in faɗa masa komai. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Da na daure na kira, yana wurin taro, kiɗa kamar zai fasa mini kunne. “Gimbiya, ba na ji! Gobe, gobe!” Na rubuta masa dogon saƙo, na ga bai buɗe ba. Na faɗa wa Umma, ta ce in na ƙara tayar da maganar a gaban baƙuwa ba ni ba ita.

Sai na yi dabara irin ta matsorata. Na hau na kashe ƙaton birekan, na ce in an tambaya zan ce layin ne ya samu matsala, abinci kuma daga ƙasa zan riƙa kaiwa.

Mama, mahaifiyarsa, ta iso da hantsi. Gajeriya ce mai ƙiba, fara'a kamar ta san ka tun haihuwa, mayafinta ruwan goro mai ƙananan duwatsu a baki. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗago ni ta juya ni hagu da dama.

“Ashe ke ce kika hana ɗana cin abinci. To ba laifi, ya iya zaɓe.”

Alo yana bayanta da jakunkuna, bakin nan har kunne. Na yi ta ƙifta masa ido ya zo gefe, shi kuwa ya ɗauka kunya ce, yana ƙifta mini nasa. Ya kai ta sama, na ji yana nuna mata kicin. Na ji ƙas. Ya leƙo ta matakala.

“Wa ya kashe wannan? Na mayar. Zan koma in kwance kayan jiya, yanzu zan dawo.”

“Malam, tsaya, ka karanta saƙona?”

“Mai tsawon nan? Sai na zauna, Gimbiya, irin wannan ba a karanta shi a tsaye.” Ya fice.

Na haɗa tire na hau da shi. Na tarar Mama ta riga ta cire mayafi ta ɗaura zani a ƙirji, ta fito da tukwane biyu manya daga kayanta.

“Mai da abincinki, 'yata, na gode. Yaron nan rabon da ya ci girkina an daɗe. A kicin ɗin da ya haɗa mini da hannunsa zan dafa masa.”

“Mama, da kin huta, ni sai in dafa a ƙasa.”

“Kina tsoron in ga ba ki iya ba ne, ko kina tsoron ki ga na fi ki?” Ta yi dariya ta dungure mini kai. “Miƙo mini wuƙa.”

Ta ɗora nama a ɗaya, ruwan shinkafa a ɗaya, ta murɗa duka biyun har ƙarshe. Idanun nan biyu suka buɗe, jajur.

Na tsaya a bakin ƙofa ina yanka albasa, idona a sama. Tana ba ni labarin yadda yana yaro ya kwance rediyon babansa ya mayar, har ta fi da ƙara. Ina “eh Mama, haka ne Mama,” ban san me nake cewa ba. Tsaka suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suka hau layi. Kyanwar ta shigo ta tsakanin ƙafafuna ta haye kabad. Na ce a raina, bari naman ya tafasa sau ɗaya, sai in san yadda zan yi in rage wutar. Sau ɗaya kawai.

Ƙarnin ya zo. Mama ta ɗaga hanci.

“Maƙwabtanku kifi suke soyawa?”

A lokacin ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Tsakar nan duk suka watse a tare, kamar an tafa musu hannu. Kyanwar ta miƙe tsaye, gashin bayanta ya tashi, ta diro ta fice a guje. Inda ta tashi, fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, wani siririn hayaƙi yana fitowa daga bayan kabad, a hankali, kamar zaren da ake jawowa. Kabad ɗin katako ne. A cikinsa na jera man girki da tawul ɗin takarda da hannuna. Mama kuma tana tsaye daidai ƙarƙashinsa, ta miƙa hannu za ta kama murfin tukunya.

Ban san lokacin da na yar da wuƙar ba. Na cafki hannunta na fizgo ta waje, har ta yi tangal-tangal ta bugu da ƙofa.

“Ke! Lafiyarki?”

Na ruga bakin matakala, na bar ƙaton birekan, na kama babban makunnin gidan gaba ɗaya na ja shi ƙasa da hannu biyu. Firji ya yi shiru. Fanka ta tsaya. Daga ƙasa na ji Umma tana kwaɗa mini kira, sannan na ji abin da ban ji ba tun rasuwar Abba: takunta a kan matakala, tana hawa tana nishi.

“Auta! Abin da na hana ki shi kika yi? A gaban baƙuwa?”

Mama tana riƙe da kafaɗarta, fara'ar nan duk ta tafi. “Ni dai ban taɓa ganin inda yarinya ta fizgi babba haka ba. In ba a so in taɓa kicin ɗin, ai sai a faɗa mini da baki.”

Hawaye kawai nake yi. Ana haka Alo ya hawo da gudu, wayarsa a hannu, fuskarsa ba yadda na san ta ba. Ashe a hanya ya tsaya ya karanta saƙona.

Ya shiga kicin, ya kwashe man da takardun ya watso su falo, ya hau kujera. Ya kai tafin hannu bangon ya janye da sauri, fenti ya biyo fatarsa. Ya ɗauki cokali ya ɓanɓare farar robar. Ta taso da ƙyar, tana jan zare kamar cingam.

Wayar nan mai kyau, mai kama da sarƙa, ta zama baƙa. Robarta ta narke ta zube, tagwayen sun tuɓe tsirara, tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Bayan kabad ɗin ya yi baƙin tabo mai faɗin faranti, tsakiyarsa da ɗan ja yana ƙifta ido. Ya jiƙa tawul ya danna a kai, muka ji cuuu.

Umma ta zame ta zauna a kan matakala. Mama ta kalli tabon, ta kalli inda take tsaye ɗazu, ta kalli hannunta da na fizga.

Ya sauko daga kujerar kamar tsoho. Na ɗauko jakata na ciro guntun waya mai toka da yankakken zoben, na ajiye su a kan tebur gefe da gefe. Ya ɗauki mai tokar ya auna nauyinta a hannu, ya leƙa bakinta ya ga ukun nan. Ya daɗe yana kallo.

“Umma,” ya ce, muryarsa can ƙasa, shi da ake ji daga ƙarshen layi. “Ban iya ba. A kira mai yi.”

Mama ta matso ta kama hannuna, wanda na fizge ta da shi, ta riƙe gam. “Fizgi, 'yata. Gobe ma in kin gani, ki fizga.”

Nan ne na samu kukan ya fito da sauti. Na ce shi ke nan, an wuce wurin. Har na fara jin yunwa.

Sai na ga Alo ya ƙame. Idonsa a kan yankakken zoben.

“Gimbiya. Ragowar wayar.”

“Wace ragowa?”

“Wadda na tafi da ita. Yayarki ta kira ni, ta ce in ja mata layi zuwa ɗakin jariri, saboda hitar ruwan wankansa.” Ya dafe kai. “Nata ma ƙaramin birekan yana faɗuwa. Na canza mata.”

Na jawo wayata. Akwai saƙon Yaya da ban gani ba, tun muna yanka albasa: “Na jona ruwan wankan yaro, bari in ɗan kwanta kafin ya yi zafi. Wai ni Auta, ko hancinki ne ya kama ni? Tun jiya nake jin ƙarnin kifi a ɗakin nan.”

Na danna kira. Tana shiga. Alo ya riga ya kai ƙasan matakala, ina jin yana ta bugun babur ɗinsa yana ƙin tashi. Na bi shi ba takalmi, waya a kunne, Umma tana bayana tana kiran sunan Allah.

Tana shiga, 'yan uwa. Tana ta shiga, ba a ɗauka.